Ya dace a gwada sabon magani a kan yaran gidan marayu?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ina aiki a wani gidan marayu na gwamnati a nan Kano. Wasu masu bincike sun zo suna so a saka yaranmu a gwajin sabon maganin maleriya, sun ce komai kyauta ne, kuma shugaban gida zai sa hannu tunda yaran ba su da iyaye. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Wannan ya dace kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya saka miki da alheri. Rashin kwanciyar hankalin nan naki a kan hanya yake, kar ki bari wani ya ce miki tsoro ne ko jahilci.

Ki fara sani dai gwada magani a kan yara ba laifi ba ne a karan kansa. Jikin yaro daban yake da na babba, hantarsa da ƙodarsa ba sa sarrafa magani kamar namu, kuma in ba a gwada ba sai ki ga likita ya ɗauki ƙwayar manya yana ɓallawa gida huɗu yana kintace, ni kaina na sha yin haka a ɗakin yara raina ba ya so. Toh dole a gwada, amma a kan wa, kuma wa zai ce "na yarda"?

Mu Kanawa mun ga abin da idonmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na nan Kano, yara kusan 200 ne aka saka, rabi aka ba su Trovan rabi wani maganin da aka saba, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75. Kinga waɗannan yaran da iyayensu fa a tsaye a bakin gado. Ina ga yaron da ba shi da kowa?

Uwa in an zo da allura sai ta tare, "wannan ta mece ce likita?", da daddare ita ke shafa goshinsa ta ji zafi, ita ke lura ya ƙi cin tuwo ko wani ƙurji ya feso masa a baya, da asuba ta goyo shi ta dawo asibiti. A gidan marayu mace ɗaya na kula da yara da yawa, ko tana da tausayi iya tausayi ba za ta ga komai ba. Shugaban gida kuma ma'aikaci ne, yana da na sama da shi, kuma in masu binciken sun yi alƙawarin gyara ɗakin kwana ko kawo janareta, sa hannun nan nasa ya gauraya da buƙatar gidan. Ki duba abin da aka yi a Willowbrook, wani gidan gwamnati na yara masu lalurar ƙwaƙwalwa a New York, daga 1956 aka shafe shekaru ana sa wa yara ƙwayar cutar ciwon hanta da gangan don bincike. Yanzu dokar Amurka ta ce in gwaji na da haɗari kuma ba yaron ne zai amfana kai tsaye ba, sai an naɗa wa duk yaron da ke hannun gwamnati wakili na daban, wanda ba shi da alaƙa da masu binciken ko hukumar da ke riƙe da yaron. A Suratul An'am an hana mu kusantar dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau, to balle jininsa da lafiyarsa.

Tambayar da nake so ki yi musu ita ce, me ya sa yaranmu? Maleriya na kama ɗan Fagge da ɗan Gwale da ɗan likitan kansa. In amsar ita ce yaran suna wuri guda, sauƙin samu, babu iyayen da za su yi gardama, ni a wajena maganar ta mutu a nan. In kuwa gwaji ne da ake yi da yaran gari gabaɗaya, naku wani ya kamu kuma zai iya amfana, ba adalci ba ne a hana shi don maraya ne, sai dai a tsaya masa sosai.

Kafin kowa ya ɗauki biro, a nuna muku takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista, wato masu tantance ko gwajin ya dace a yi shi a kan mutane, da izinin NAFDAC, ki duba kwanan watan da kyau, ya zama an ba da su kafin a fara. Ma'aikatar da gidan ke ƙarƙashinta ta sani a rubuce, a nemi dangin yaro in akwai, ko kawu ko goggo. A yi bayani da Hausa, a rubuta wa zai biya magani in yaro ya samu illa. Yaro mai wayo a tambaye shi shi ma, in ya ce ba ya so a ƙyale shi, kuma kar a rage masa komai na abinci ko kulawa. In suka ce takardun na hanya, ki ce yaran za su jira su iso.