Likita, da gaske ƙwai na ɗauke da gubar dalma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An turo mana saƙo a WhatsApp wai ƙwan kaji na ɗauke da dalma. Kullum sai na dafa wa yarana ƙwai kafin su tafi makaranta. In daina? Daga wata uwa, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki daina. Kaza ba a haife ta da dalma ba. Abin da ta tsattsaga a ƙasa ko ta sha a ruwa ne ke bin jininta, wani ya taru a gwaiduwa. Don haka abin bincike shi ne inda take kiwo. Kazar da ke tono a bayan garejin da ake fasa tsohon batir, ko kusa da masu narka ƙarfe irin na kasuwar Fanteka a Kaduna, ko a bolar da ake ƙona wayoyin lantarki, ita ce abin tsoro. Nan ne ma kazar Hausa da muke ta yabo take shan kaye a hannun ta gidan gona, domin ita ce mai yawo.

Damuwarki na kan hanya. Jikin yaro na tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye. A 2010 ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara, sai dai can ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ce sanadi, ba ƙwai ba.

Tambaya: In na dafa shi sosai, gubar za ta mutu? Daga wani ɗalibi, Kawo.

Amsa: A'a. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, amma dalma ƙarfe ce, ko kwana ta yi a tukunya tana nan.

Tambaya: Ina da kaji 200 a Kakuri, in famfo ya ɗauke daga rafi nake ɗebo musu ruwa. Akwai matsala?

Amsa: Malam, ka bar ruwan nan. Rafin da ya ratsa unguwar masana'antu irin Kakuri ba ka san me ya kwaso ba, kuma dalma ba ta da launi balle wari. Ka koma burtsatse, ka kai samfurin ruwan ɗakin gwaji. Na taɓa shiga wani gida na tarar an yanke kwankon tsohon batir ana zuba wa kaji ruwa a ciki, mai gidan har yana yabon ƙarkonsa! Gwangwanin fenti ma haka, ka jefar.

Tambaya: Yaya zan gane ɗana ya kamu? Daga wata uwa, Rigasa.

Amsa: Ido ba ya ganewa, sai gwajin jini. Yawan ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini ko ja baya a karatu, ki kai shi asibiti ki faɗi sana'ar maigida da ta maƙwabta. Ki kuma duba tandun kwallin da ake rambaɗa wa jarirai. Kwallin dutse da yawa dalma ce a cikinsa, kuma ya fi ƙwai kusa da bakin yaro, domin yana murza ido ya kai hannu baki.