Yadda jikin ƙudan ayaba ke rabuwa gaɓa-gaɓa tun a ƙwai

Malam ka tambaya wai ta yaya ƙwan ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba a kasuwar Mile 12 ta Legas yake sanin ina kai ina baya har jiki ya fito gaɓa-gaɓa. To aikin ƙwayoyin gado ne, kuma daga uwa yake farawa, ita ke ajiye saƙon wata ƙwayar gado mai suna bicoid ta wajen kai, na wata mai suna nanos ta baya, sai furotin ɗin bicoid ya bazu yana raguwa kamar hayaƙin mai tsire, kusa da wuta da kauri, nesa kuma kaɗan-kaɗan. Yawansa a wuri ne ke kunna ƙwayar gadon hunchback, shi kuma da 'yan'uwansa su Krüppel da knirps suna ta danne juna har kowa ya kama yankinsa. Daga nan wasu ƙwayoyin gadon masu suna even-skipped da "fushi tarazu" su ja layi bakwai-bakwai a jikin, wani mai suna engrailed ya fito da layi 14 da ke raba jikin gaɓa-gaɓa, wingless na gefensa suna riƙe iyaka tare.

Ni dai rukunin ƙwayoyin gadon da ake kira Hox sun fi burge ni wallahi, su ke gaya wa kowace gaɓa abin da za ta zama, in ɗaya daga cikinsu, Antennapedia, ya kunnu a kai sai ka ga ƙafafu sun tsiro a gurbin eriya. Wannan binciken ne ya ba masana Lewis da Nüsslein-Volhard da Wieschaus kyautar Nobel a 1995.