Zafin Nima: fanka mai ruwa ko mai caji?

*Assalamu alaikum Anti. Ɗaki ɗaya muke ciki a Nima, ni da maigidana da yara uku, rufin kwano ne babu silin. Tunda Fabrairu ya kama ba mu yi barcin kirki ba. Na kwashi adashi, wani mai shago yana ta zuga ni in sayi fankar nan da ake zuba wa ruwa da ƙanƙara, wai da ita da esi duk ɗaya. In saya? — Maman yara, Nima*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki saya. Fankar ba ta da laifi, garin ne ba nata ba. Aikinta shi ne ta hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan ya bi iska, iskar ta yi sanyi. Hakan kuwa sai inda iska take a bushe, kamar Tamale ko Bolga a watan Maris. Mu nan Accra a bakin teku muke, iskarmu ta riga ta ƙoshi da danshi. Shi ya sa kike wanka, kafin ki gama ɗaura zane gumi ya sake tsattsafo miki. Na ga wannan da idona a ɗakin ƙanwata: ta zo da irinta daga arewa tana ta yabo, ba a yi mako biyu ba katifa ta soma sanyi-sanyi, kayan cikin akwati suna warin fumfuna, zafin kuma yana nan daram. Yanzu fankar tana lungu an ɗora mata kwanuka.

Esi kuwa yana sanyaya ɗaki da gaske, amma ki tambayi mitarki tukuna. Fankar silin wat 60 zuwa 75 take ci. Ƙaramin esi yana kai wa wat 1,000, wato ya fi fanka goma cin wuta, kuma a ɗakin da babu silin zafin kwano zai cinye sanyin. Ga dumso, wato yawan ɗauke wutar da ake yi a nan Gana: in an ɗauke, esin ya zama ado.

Da ni ce, kuɗin nan biyu zan raba. Kashi na farko in kira kafinta ya buga silin, ko na falanki ne mara tsada, bayan na nemi yardar mai gidan hayar. Kwanon nan shi ne murhun da ke gasa ku. Ki ɗaga hannu kusa da shi da azahar ki ji. Yana ɗumama bango da gado da duk abin da ke ɗakin, su kuma su yi ta amayo zafin har tsakar dare. Kashi na biyu in sayi fanka mai caji, mai tsayawa a ƙasa. Ki sa mai shago ya cire ta daga soket ta yi aiki a gabanki, ki tambaye shi ko ana samun batirinta a kasuwa, don batirin ne yake fara mutuwa. Da dare ki ajiye ta bakin taga ta jawo iskar waje, ki bar wata kafa a buɗe inda mai zafin za ta fita. Kada zafi ya sa ki cire wa yara gidan sauro. Ki juya musu fankar ta hura ta cikinsa.

*Anti, na sayi ƙaramin janareta saboda dumso, amma ina tsoron ɓarayi. Zan iya kunna shi a baranda in rufe ƙofar gida? — Wani ɗanki a Madina, Accra*

A'a ɗana, don Allah kada ka yi. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a fasa ƙofa. A fili ake kunna shi, nesa da taga da ƙofa, naka da na maƙwabta. Ka sa maƙeri ya yi masa keji, ka ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Kuma ka kashe shi ya huce kafin ka ƙara masa fetur.

*Malama, mahaifina ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini. Da rana sai ya yi lamo, kuma ba ya son shan ruwa. Akwai abin sha na ƙarin ƙarfi da zan saya masa? — Daga Mamobi*

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi miki albarka da kike lura da shi. Ki bar kuɗinki, waɗannan na gwangwani sukari ne da abin hana barci, ba su dace da mai hawan jini ba. Ruwa yake buƙata. Tsofaffi ba sa jin ƙishi da wuri kamar mu, don haka kada ki jira ya nema. Ki fasa masa ledar fiya wata a kofi bayan kowace salla, ki zauna har ya shanye. In fitsarinsa ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, saboda haka ki je da kwalin asibiti ki tambayi likita yawan ruwan da ya kamata ya sha, da batun azumi in ya kama. Kada ki rage masa magani da kanki.

Da azahar ki fito da shi daga ɗaki zuwa inuwa, ki jiƙa tawul ki goga masa a wuya da hammata. In kika ga yana sambatu, ko ya kasa tsayuwa, ko jikinsa ya yi zafi rau, ki kwantar da shi, ki yi ta zuba masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, wani kuma ya kira 112. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki.