An yi aikin baya, amma ƙafa ba ta daina zugi ba

Tambaya: Likita, shekaruna 61. Wata huɗu ke nan da aka yi mini aiki a ƙashin baya saboda tsukewar kogon da jijiyoyi ke bi. Kafin aikin, tafiyar minti biyar sai na nemi wurin zama. Yanzu ina yin rabin awa. Amma ƙafar dama har yau tana zugi da dare, babban yatsa kuma kamar ba nawa ba. Ko aikin ne bai yi ba? — Wani magidanci

Amsa: Malam, sannu da jiki. Wanda tafiyarsa ta tashi daga minti biyar zuwa rabin awa, aikinsa ya yi. Dama don ƙafa da tafiya ake yin wannan aiki, kuma ya fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon bayan kansa.

Laka tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa saiwoyin jijiya ne ke sauka cikin kogon, kowace ta fita ta ƙofarta ta nufi ƙafa. Da shekaru suka tura, tantanin da ke bayan kogon ya yi kauri, gaɓoɓi su yi toho, faifan guringuntsi ya turo, sai wuri ya ƙure. An fi samun haka tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, abin da za ka gani an rubuta L4-L5 a takardarka. Likita ya cire rufin ƙashin da tantanin ne don a sami fili. Jijiyar ita kanta bai gyara ta ba, babu ma mai iya wannan da wuƙa. Ka ɗaga dutsen da ya daɗe a kan ciyawa ka gani: za ka tarar da ita fari fat, a kwance, ba ranar take miƙewa ba.

Inda zaren jijiya ya lalace, tohonsa bai wuce kamar milimita ɗaya a rana ba, daga ƙugu zuwa yatsa kuwa tafiya ce ta kusan mita guda. Shi ya sa sauƙin yake zuwa daki-daki: ciwo ne kan fara lafawa, ƙarfi ya biyo baya, sagewa ita ce 'yar auta. Babban yatsa da bayan ƙafa yankin saiwar L5 ne, can ƙarshen layi. Ana ba jijiya wata 12 zuwa 18 kafin a yanke hukunci. Ba za mu ɓoye maka ba, wanda jijiyarsa ta yi shekaru a matse, ko mai ciwon suga, yakan rage da ɗan sagewar da ba ta tafiya gaba ɗaya.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne inda ciwon ya dosa. Sau ɗaya a mako, ka rubuta lamba daga 0 zuwa 10, ka kuma rubuta iyakar inda zugin ya tsaya. Idan a da yana kai wa yatsa, yanzu ya tsaya a sha-raɓa, gobe ya koma cinya, to warkewa ake yi ko da lambar ba ta sauka sosai ba. Wanda kuwa ya sami sauƙi sarai, sai bayan mako shida zuwa wata uku ciwo ya dawo yana ƙaruwa, nan ake zargin tabo da ya naɗe saiwar, ko faifai ya sake turowa, ko ƙasusuwan sun fara zamewa. Wanda bai taɓa jin bambanci ba tun ranar farko, wataƙila ƙofar gefe da jijiyar ke fita ce ba ta buɗu ba. Hoton MRI da allurar rini yana bambance tabo da faifai, hoton ƙashi a sunkuye da a miƙe yana nuna zamewa, gwajin lantarki na jijiya kuma yana nuna ko matsalar daga baya take. Wannan na ƙarshe yana da amfani, domin ciwon suga, toshewar hanyar jinin ƙafa da zaizayewar kwankwaso duk sukan yi shigar ciwon baya. Idan tabo ne kaɗai, ba a cika son sake buɗewa ba, don kowace wuƙa sabon tabo take bari; allurar sitiroid, maganin rage kumburi, a kusa da saiwar ake fara gwadawa.

Tambaya: An rubuta mini gabapentin saboda raɗaɗin ƙafa bayan aiki. Na sha kwana biyar, ban ji komai ba sai jiri da barci. In daina ne in koma tramadol? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, kwana biyar ya yi kaɗan. Gabapentin ba irin maganin da ake sha ciwo ya tafi cikin awa ɗaya ba ne. Yawanci ana farawa da miligiram 300 da dare, a riƙa ƙarawa a hankali har a kai sau uku a rana, sannan a ba shi makonni kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Jirin yakan ragu bayan mako ɗaya ko biyu. Idan ya hana ki tsayuwa, ki koma wa likita ya rage adadin. Ga dattawa da masu raunin ƙoda da miligiram 100 ake farawa, domin ta ƙoda maganin ke fita. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukowa.

Gaskiyar magana, ba kowa yake yi wa aiki ba, a ciwon da ya taso daga saiwar baya ma amfaninsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan an kai cikakken adadi shiru, babu dalilin ci gaba da haƙuri da jiri. A madadinsa akwai amitriptyline, miligiram 10 zuwa 25 da dare, akwai duloxetine. Tramadol kuwa na kwanakin farko ne kawai. Jiki yana sabawa da shi, yana kawo taurin bayan gida, haɗa shi da gabapentin ko ɗan'uwansa pregabalin kuma yana iya danne numfashi cikin barci. Paracetamol kada ya wuce giram huɗu a rana. Wani abu da ake yawan mantawa: idan an haɗe miki ƙasusuwa da sukurori, ki tambayi likitanki kafin ki taɓa ibuprofen ko diclofenac, don suna iya jinkirta haɗewar ƙashi.

Tambaya: Mahaifinmu ya dawo gida kwana goma bayan aiki, an sa masa ƙarfe. Yana tsoron motsi, kullum a kwance. Me zai iya yi, me kuma zai sa mu mayar da shi asibiti? — 'Yarsa

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kwanciyar nan ita ce abin tsoro, don tana kashe ƙarfin tsoka, tana kuma jawo daskarewar jini a ƙafa. Ya tashi ya taka minti biyar zuwa goma, sau huɗu ko biyar a rana, a wuri mai laushin tafiya, ana ƙara minti biyu-biyu duk bayan kwana biyu ko uku. Idan zugin ya ƙaru har ya kwana ya wuni, an yi gaggawa, a koma matakin baya.

Wajen sauka daga gado aka fi yin kuskure. Ya lanƙwashe gwiwoyi, ya mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungume, ya sauko da ƙafafu, sannan ya tokare da hannu ya zauna. Kada ki ja shi ta hannu. Zama kada ya wuce minti 20 zuwa 30 a lokaci guda, a kujera mai tsayi da tauri. Ban da sunkuyo, ban da murɗa jiki, ban da ɗaukar abin da ya haura kilo huɗu ko biyar, har sai likita ya sake shi. Ga mai ƙarfe a baya wannan yakan kai wata uku, ƙashin kuma bai gama haɗewa sai wata shida zuwa shekara. Ana cire zaren ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14. Masu gashin ƙashi sukan karɓe shi daga mako na shida ko bayansa. In yana shan taba, ya ajiye, domin tana hana ƙashi kamawa.

Ku tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi da dubura ya sage, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa: alamar wani abu ya danne jijiyoyin ne, kuma awoyi ake ƙirgawa. Haka nan zazzaɓin da ya kai digiri 38, mugunya ko ja a bakin ɗinki, kumburin sha-raɓa ɗaya, ko sarƙewar numfashi. Ciwon kan da ke tashi idan ya miƙe, ya lafa idan ya kwanta, musamman in farin ruwa na jiƙa bandeji, mai yiwuwa ruwan laka ne ke yoyo. Ku kwantar da shi a miƙe, a haka za a ɗauke shi zuwa asibiti.