Tambayi Anti: Ɗana ya daina son makaranta, ashe cin zalinsa ake yi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema akan ɗana, shekararsa 12 yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, je-ka-ka-dawo ce. Tunda aka koma zangon nan kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, mun je asibiti ba a ga komai ba, in ya dawo kuma sai ya faɗa wa abinci hannu baka hannu ƙwarya alhali kullum ina ba shi kuɗin tara. Sai ƙanwarsa ce ta tsegunta min wai wasu 'yan aji uku ke tare shi bayan banɗaki su ƙwace kuɗin, 'yan ajinsu kuma suna kwaikwayon in'inarsa duk sanda malam ya ce ya tashi ya karanta. Babansa ya ce ai namiji ne, ya rama kawai, haka kowa ya tashi. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan yi?
Maman Abba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya kin yi daidai da hankalinki ya ƙi kwanciya, wannan ba faɗan yara ba ne. Faɗan yara shi ne tsara biyu su doki juna yau, gobe ki gan su suna buga ƙwallo tare. Wani masani haifaffen ƙasar Suwidin da ya yi aiki a Norwe mai suna Dan Olweus, wanda tun shekarun 1970 ya fara nazarin abin a makarantu, ya ce ana gane cin zali da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma mai yin ya fi wanda ake wa ƙarfi, ko ƙarfin jiki ko yawan abokai ko aji. Duka ukun suna cikin labarin ɗanki. Kuma ba shi kaɗai ba ne, rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya an ci zalinsa a makaranta cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa kusan rabi ne.

Maganar Babansa ta cewa ya rama, na san cikin so ya faɗa, yana son ɗansa ya zama jarumi, amma ki lallaɓa shi ya sake dubawa. Yaro ɗan shekara 12 shi kaɗai, su uku ko huɗu ne 'yan shekara 14 ko 15, ta ina zai rama? In ya gwada su yi masa dukan da ya fi na da, in ya kasa kuma ya dawo gida da kunya biyu, ta makaranta da ta babansa, daga nan sai ya rufe bakinsa ba za ku ƙara jin komai ba. Wannan rufe bakin shi na fi tsoro, don shi ne yake kai yaro ga gudun makaranta, ya fita da yunifom ya je ya zauna a tasha har a tashi, sai ƙarshen zango ki ga sakamako ya zube.

Toh ki fara da shi. Kar ki tsare shi da tambaya gaban 'yan uwansa, kuma kar ki ce “me ya sa ba ka faɗa min ba”, zai ji kamar laifinsa ne. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ko ya raka ki kasuwa ko yana taya ki tsintar shinkafa, ki ce Abba na ji abin da ke faruwa kuma ba laifinka ba ne, ni da kai za mu gyara. Ki bar shi ya yi magana a hankali, mai in'ina in aka katse shi ko aka ƙarasa masa magana abin ƙaruwa yake. Kuma ki rufa wa ƙanwar asiri, kar ya ji haushinta. Abin da ya faɗa ki rubuta, rana, wuri, sunayen yaran, nawa aka ƙwace, wa ya gani.

Da wannan takardar za ku je makaranta, in so samu ne ke da Babansa, ku ga fom masta, in akwai malamin ba da shawara ku gan shi, in ba a motsa ba ku hau wajen firinsifal. Kar ku je gidan su yaran da faɗa, kar kuma ki tura yayyensa su tare su a hanya, nan take magana za ta koma rigimar unguwa a manta da Abba. Abin da za ku nema a makaranta ƙarara ne: a sa malami yana zagaya bayan banɗaki da bakin get lokacin tara da lokacin tashi, a kira iyayen yaran, a dawo da kuɗin, kuma kar a kira sunan ɗanki a asambili ana cewa shi ya kawo ƙara. Ku sa rana, bayan sati biyu ku dawo ku ji me aka yi. In shiru ne akwai PTA, akwai kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, wato SBMC, in ta gwamnati ce, akwai ofishin ilimi na shiyya.

Dariyar 'yan ajin nan kuwa kar ki raina ta, wataƙila ma ta fi ƙwace kuɗin yi masa ciwo. Mai cin zali 'yan kallo yake wa wasa, in ba mai dariya abin ba ya masa daɗi. A ƙasar Finlan akwai wani shiri da ake kira KiVa da aka tsara a jami'ar Turku, aka baza shi makarantun ƙasar daga 2009, kuma ƙarfinsa yana kan 'yan kallon ne, a koya musu su daina dariya, su zauna kusa da wanda ake tsangwama, su faɗa wa babba. Ki roƙi malamin ajin ya yi wa ajin magana ba tare da ya nuna Abba ba, kuma ya daina tashinsa karatu kwatsam, ya riƙa ba shi shafin tun jiya ya gwada a gida. Ke kuma ki nemo yaro ɗaya ko biyu masu hankali a layinku su riƙa tafiya tare su dawo tare, wanda yake tafiya shi kaɗai aka fi tarewa. In ciwon cikin ya ci gaba, ko ya daina barci, ko kika ji yana cewa gara ya mutu, kar ki jira makaranta, ku koma asibiti ranar ki gaya wa likita duk labarin.

Tambaya: Anti ni tawa akasin haka ce, 'yata tana aji uku a makarantar kwana, an kira ni wai tana sa ƙananan yara wanki da ɗiban ruwa tana cinye musu garin kwaki da suga. Ta ce ai ita ma haka siniyoyi suka yi mata. Na so in zane ta.
Baban Ummi, Gusau

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, ba kowane uba ne ke yarda an ce 'yarsa ta yi laifi ba. Amma ka ajiye bulalar, in ka zane ta darasin da za ta ɗauka shi ne mai ƙarfi ke dukan na ƙasa, abin da take yi kenan. Ka fara tambayarta me aka yi mata tana aji ɗaya, ka saurara har ta gama, da alama ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sannan ka nuna mata zalunci ne ko da an yi mata, haƙƙin yaran nan yana kanta. Ta biya abin da ta cinye daga cikin kayan akwatinta, ta ba su haƙuri gaban matiron, kai kuma ka karɓi lambar matiron ɗin kana bugawa duk ƙarshen sati ka ji ko ta daina.