Tambayi Likita: Me ya sa ake maimaita allurar rigakafi?

Tambaya: Likita, jaririyata ta yi zazzaɓi daren da aka yi mata allurar sati 6. In fasa sauran?

Amsa: Kar ki fasa, Malama. Jiki ne ke koyon gane cuta. Ki yawaita ba ta nono. Amma jaririya ce, in zafin ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi jijjiga, a kai ta asibiti nan take.

Tambaya: Wurin allurar BCG, ta tarin fuka, ya yi ƙurji, maƙwabciyata ta ce in shafa man goge baki.

Amsa: Man goge baki a hannun jariri? Don Allah a bari! Ƙurjin zai fashe, ya bushe, ya bar tabo da kansa. Ba a matsawa, ba a gasawa. In hammata ta kumbura, ku je a duba.

Tambaya: An yi wa ɗana allurar ƙyanda a wata 9. Kakarsa ta ce ta biyun ba dole ba ce, gara ƙyandar ta fito ta wanke masa jini.

Amsa: Wannan maganar ta Hajiya ita ke tayar mini da hankali. Ƙyanda ba ta wanke komai. Tana jawo ciwon huhu, gudawa da makanta, tana kuma goge garkuwar da yaro ya riga ya tara, ya yi watanni yana kama wannan ya saki wancan.

A wata 9 wasu yara na ɗauke da ragowar garkuwar da suka samu daga uwa, ita kan tare allurar kafin ta yi aiki. Kusan yara 15 cikin 100 ba sa samun kariya a karon farko. Allura ta biyu, ta wata 15, su take kamowa. Haka Penta take, allurar cututtuka biyar har da mashaƙo, sau uku, sati 6, 10 da 14, kowace tana ɗora wa ta baya. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya fi kama yaran da ba su kammala ba.

Ko lokaci ya wuce, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ki ɗauki katinsa ki je asibitin unguwa, kyauta ne.

In kuwa ƙuraje sun fito da zazzaɓi da jan ido, kar a ɗiga masa ruwan ganye ko tozali, ido yake ci. A kai shi a ba shi bitamin A. Numfashi sama-sama kuma ba a kwana da shi a gida.