Malami ya soki aikinmu kan ledar fiya wata, me za mu ce masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Rukuninmu ya gabatar da aikin aji kan ledar fiya wata da ta cika harabar makarantarmu. Muka ba da shawarar a ajiye kwandunan shara masu launi uku don a riƙa ware shara iri-iri, a kuma hana sayar da fiya wata. Malaminmu ya ce maganar takarda ce kawai. Mako mai zuwa za mu sake tsayawa gabansa, yaya za mu kare kanmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ni dai ina ganin malaminku ya yi gaskiya. Me kwando uku zai tsinana idan mota ɗaya ce za ta zo ta juye su duka, ta kai bola guda?

Batun hanawa ya fi rauni. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, amma ledar cefane suka fi auna, wadda jakar yadi ko kwando ke maye gurbinta. Ɗalibar da famfon ɗakin kwananta ya ƙafe a watan Afrilu, me za ta sha? In kun nace sai an hana, to ku faɗi inda tankin ruwa zai zauna da wanda zai riƙa cika shi.

Kwana bakwai sun ishe ku gyara. Ku zaɓi wuri ɗaya, gaban kanti ko ɗakin kwana guda, ku riƙa tara ledar kullum kuna aunawa a sikeli. Ku tambayi mai shago jaka nawa yake sayarwa a rana. Kowace jaka ƙulli 20 ce, lissafin ba wuya. Sannan ku zauna da masu shara, waɗanda ɗalibai ke wucewa ko gaisuwa babu, alhali su suka san inda sharar ke ƙarewa. Ku kuma tambayi baban bola abin da yake saye da kuɗin kilo. Ana narka ledar fiya wata a sake sarrafa ta, sai dai ba ta da nauyi, sai an tara tuli kuma an shanya kafin ta yi kuɗi. Shi ya sa ya fi son robar lemo.

Ranar gabatarwa mutum ɗaya ya yi magana, kada ku yi wa malamin caa. Ya ce, "Malam, gyaranka kan kwanduna mun karɓa, ga abin da muka auna." Inda kuma ba ku yarda da shi ba, ku miƙa masa takardar awon ya duba da kansa.